Babur ɗin da Oga ya hana ni yi wa fenti

Ina shekara ta huɗu da fara koyon kanikancin babur a Kano aka kawo mana shi a bayan a-kori-kura, an ɗaɗɗaure shi da igiya, tayoyinsa duka biyu a sace. Honda CD175 ne baƙi, mai silinda biyu, irin wanda ake rufe masa sarƙa ruf cikin gidan ƙarfe. Magidancin da ya kawo shi ya ce na mahaifinsa ne, malamin makaranta, wanda ya saye shi da kuɗin Udoji a 1975, lokacin da gwamnatin Gowon ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, kowa ya bazama sayen babur da rediyo. Daga Japan aka kawo shi, tun kafin Honda ta kafa masana'antarta a Ota a 1979. Da tsufa ya hana malam hawa sai aka jingine shi a zaure, aka lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, ya fi shekara 20 a nan.

Ni kuwa hannuna da Jincheng da Boxer da roba-roba ya saba. A wannan aikin abin da ya mutu cire shi ake yi a yar, a ɗaura sabo, mai babur ya biya ya koma neman abinci. Don haka tun kafin a gama sauke shi na ce, "Oga, a kai tankin wurin mai fenti, a sa sabon siti, a mayar masa da wuta irin ta yanzu."

Oga bai tanka mini ba. Ya dubi mutumin ya ce, "Alhaji, babur kake so, ko babur ɗin Baba?"

Mutumin ya ɗan yi shiru, ya ce, "Na Baba."

"To, ba mai taɓa fentin nan."

Kwana uku ban ɗauki sifana ba. Ruwa da sabulu da tsumma kawai aka ba ni, sai kalanzir a inda maiƙo ya daskare. Raina bai so ba, don gani nake an mayar da ni aikin yaran da suka zo jiya. Amma a wankin nan na fara ganin abin da Oga ya gani tun farko. Ƙurar hunturu ce ta rufe fentin, da ta fita sai ga shi da ransa. Busasshiyar iskar garinmu ta yi masa rana, tsatsar duk a sama take, ba ta ci ƙarfe ba. A kusa da inda ake sa makulli fentin ya koɗe daidai faɗin ɗan yatsa. A kariya akwai sawun igiya guda biyu, inda malam yake ɗaure littattafan ɗalibai. Robar gefen tanki ta dama ta fi ta hagu cinyewa, ka san ta nan gwiwarsa ta fi dannawa. Da na kai shi wurin mai fenti, cikin awa ɗaya samfefa za ta share wannan duka, kuma ba kuɗin da zai dawo da shi. Ƙarafan masu ƙyalli ma ba a sa musu samfefa ba. Takardar alminiyam aka ba ni na riƙa jiƙawa da ruwa ina gogawa a hankali, tsatsar ta tashi, ƙyallin ya zauna.

Da muka zo kan inji, ƙafata har ƙaiƙayi take in buga kik in ji ko zai tashi. Oga ya hana. Injin da ya daɗe a ajiye, baƙin mai ya gama tsiyayewa daga jikin silinda, in ka buga shi a bushe ringi zai iya karyewa ko ya karce bango. Muka cire filogi biyun, muka ɗiga mai ta ramukan, muka bar shi kwana biyu, sannan ya sa hannu ya juya injin sannu sannu har ya ji fiston yana tafiya ba gardama. Kafireta ɗaya ce ke ciyar da silinda biyun, tsohon fetur ya zama danƙo a cikinta, sai da ta kwana a jiƙe. Cikin tanki kuma ƙananan notuna muka zuba da kalanzir, na yi ta girgizawa har hannuna ya gaji, ana zubarwa ana sakewa.

A nan na yi ɓarnar da har yau take damuna. Kusoshin baburan Japan na da, kansu ya yi kama da na sauran kusoshi masu gicciye, amma yankansu daban ne, sukundirebanmu na yau da kullum ba ya zama daram a ciki. Na sa ƙarfi a kusoshin murfin kwantak, wato abin da ke sakar wa filogi wuta, na cinye kan guda biyu. Na ruga kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo sababbi, suna ta walƙiya a jikin tsohon inji kamar haƙorin makka a bakin jariri. Oga bai yi faɗa ba, cewa ya yi in cire su in ajiye. Sai da muka yi makonni kafin muka samu irinsu a jikin wani mataccen babur wurin 'yan gwangwan. Tun ranar, kusa in ta ƙi, mai nake ɗiga mata in ba ta lokaci.

Wutarsa bolt 6 ce, alhali baburan yanzu 12 ne. Mayar da shi 12 ya fi sauƙi, kwan fitila ma ko'ina akwai. Muka bar shi yadda yake, aka aika Nnewi, garin 'yan kayan babur, aka nemo kwan da ya dace. Kwantak ɗinsa na asali bai mutu ba, gogewa kawai ya so, aka daidaita tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4.

Ba komai muka bari ba. Taya da tub da takalmin birki da wayar birki da tiyon fetur duk sababbi muka sa, don robar da ta shekara 20 ba a ɗora mata ran mutum. Amma ko ɗaya ba a yar ba. Kwali guda Oga ya sa na tattara tsofaffin a ciki, aka rubuta sunan kowane, aka ba mai shi. Sitin da ya yage, baduku aka kai wa ya ɗinke da baƙin zare, aka ƙara soso daga ƙasa.

Ina jin zafin yadda irin waɗannan babura suke ƙarewa a garinmu. Magada suna ganin sun tare wuri, sai a kira ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin ƙarfe. Waɗanda suka tsira kuma a fesa musu ja ko shuɗi, a liƙa musu sitika, har mai shi na farko ba zai gane abinsa ba. Yanzu da nake da nawa garejin, duk wanda ya kawo mini tsohon babur, tambayar Oga nake fara yi masa, kuma na sha mayar da aikin fenti da kuɗinsa.

Ranar da ya tashi, a bugu na huɗu ne. Ya yi hayaƙi na ɗan lokaci, man da muka ɗiga yana ƙonewa, sannan ya daidaita, ƙararsa ƙasa ƙasa. Alhaji yana tsaye bai ce komai ba, sai ya tsuguna kusa da salansa yana saurare. Can ya ce da wannan ƙarar suke gane Baba ya shigo layi, sai kowa ya ruga ya ɗauki allonsa. Na miƙa masa makullin, har da 'yar fatar da malam ya ɗaura masa, wadda ta yi baƙi don riƙo. Bai hau ba. Turawa ya yi da hannu har bakin titi, sannan ya ɗaga ƙafa.