Hadari ya ritsa da mu a tsakiyar kogin Neja

Wallahi jama'a wanda bai taɓa ganin hadari daga cikin kwale-kwale ba bai san tsoro ba tukuna. Jiya da la'asar muka taso daga Rofiya za mu tsallako Zamare ta wajen Yawuri, rana tar, ruwa kwance luf, ga buhunan masara da babura biyu an ɗaure a tsakiya. Ba mu kai rabi ba sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai ƙura ta fara kaɗawa, dama haka hadarin farkon damina yake, baya sallama.

Kafin kace me igiyar ruwa ta fara dukan jirgin ta gefe tana watso mana ruwa ciki, mata na salati yara na kuka, wani bawan Allah ya miƙe tsaye zai kama babur ɗinsa, direban ya daka masa tsawa yace Malam zauna ko ka kifar damu gaba ɗaya! Dattijo ne Basarke, ya rage wutar inji ya juya hancin jirgin yana fuskantar igiyar, yaransa biyu na ta kwarfar ruwa da yankakkiyar jarka. Ashe tsoronsa ma kututturen itatuwan da ruwa ya shanye ne tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, in iska ta jefa ka kansu katako fashewa yake.

Rigar ruwa mai hana nutsewa kuwa ko ɗaya ban gani a jirgin ba, abin haushi. Da ƙyar muka samu wani gaci mai ciyawa muka laɓe har iska ta lafa, sai bayan magariba muka isa Zamare jiƙe sharkaf, wayata ma sai yanzu ta yarda ta kunnu.