Ranar da faranti na bakwai ya mutu

Talata. Ƙarfe uku da wani abu na dare waya ta tashe ni, ƙararrawa daga ɗakin na'urorin kamfanin waya da nake wa aiki: faranti na bakwai ya daina amsawa. Na leƙa ta kwamfuta, na ga ɗan'uwansa ya karɓi aikin, ko kira ɗaya bai yanke ba. Na koma na kwanta, amma barci ya ƙi zuwa, don na san yanzu shi kaɗai ne, in ya faɗi ba mai tare masa. Ana sallame Asuba na hau babur. Hazo ya rufe titin Zariya, da ƙyar nake hango fitilar Adaidaita Sahu.

Faranti ni nake ce masa haka, a wurin aiki bled ake cewa. Kwamfuta ce cikakkiya, shimfiɗaɗɗiya, ana zura ta a tsaye cikin akwatin ƙarfe mai gurbi 14, a tsarin na'urorin sadarwa da ake kira ATCA, wanda aka fitar tun 2002. Komai na akwatin nan bibbiyu ne. Wuta ta hanya biyu take shigowa, bolt 48 daga batura, fankoki ma in ɗaya ta tsaya sauran su ƙara gudu. Ƙa'idar da ake nema ita ce kashi 99.999 cikin ɗari, wato a shekara guda kada tsayawar ta wuce minti 5 da 'yan daƙiƙu. Ko shan shayi ya fi haka daɗewa.

Wanda ya mutu ɗin na sigina ne, wato saƙonnin da na'urori ke aika wa juna don haɗa kira, abin da ya tayar min da hankali ke nan. Data kamar motar kaya take, in hanya ta cushe sai bidiyo ya riƙa tsayawa, a yi tsaki a haƙura. Sigina kuwa shi ne dillalin Kantin Kwari: kafin wayarka ta yi ƙara ya riga ya gano inda layinka yake, wane ƙarfen sabis ne kusa da kai, an yarda da kai ko ba a yarda ba. A 2G da 3G da yaren SS7 ake wannan ciniki, a 4G kuma Diameter. In dillali ya kwanta, kasuwa ta tashi. Mafi muni ma shi ne lokacin da ya farfaɗo, wayoyin gari duka su taso neman rajista lokaci guda, kamar an tashi daga filin Idi ƙofa ɗaya ce a buɗe.

Oga ya riga ni isowa. Tun shigowar GSM a 2001 yake wannan aiki, ba ya gaggawa. Na ɗaura igiyar da ke kare na'ura daga lantarkin jikina a wuyan hannu, na buɗe mariƙin farantin, 'yar shuɗiyar fitila ta yi ta ƙiftawa har ta tsaya cak, sannan na zare shi akwatin na ci gaba da aiki. Na zura sabo. Sai Oga ya jawo filtar iska ya miƙo min, bai ce uffan ba. Ƙurar hunturu ta toshe ta kamar bargo, iskar da ke sanyaya na'urorin ba ta wucewa. Makon jiya ya kamata in canza ta, na ce sai Litinin.

"Ranka ya daɗe, laifina ne."

"Na sani. Je ka duba sauran."

Da rana muka yi musu kan sabon yayi na ɗora waɗannan ayyuka a kan sabobi, wato manyan kwamfutoci na gama-gari. Shi bai yarda da su ba. Ni ina ganin can aka dosa, amma yau ba ni da bakin magana.

Bayan Magariba na biya gaida Hajiya a Gyaɗi-gyaɗi. Har yanzu a zatonta hawa ƙarfen sabis nake yi. Ta ce tun safe take waya da Yaya a Kaduna, sabis lafiya lau, ashe yau hutawa muka yi. Na ce eh Hajiya, na jawo kwanon tuwo. Faranti ɗaya ya rage mana a sito, gobe da sassafe zan rubuta a aiko da wani.