Daga bakin teku a Lome, zuwa ga ƴan uwa na Maradi

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga iyayenmu alhazai, da yayye da ƙanne, da duk wanda ke neman abincinsa tsakanin babbar kasuwa da Ɗan Isa, bakin iyakarmu da Najeriya. Ina gajiya, ina zafi?

A tashar jiragen ruwa ta Lome nake aiki, wajen fidda kaya. Da Kwatano nake, sai da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 aikin ya tarkato mu ya kawo nan. Duk wanda ya bugo mini daga gida tambayarsa ɗaya ce: to, mun fita daga CEDEAO (ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma), me ya sa ba mu ga sama ta faɗo ba? Ba ta faɗo ba kam. Sai dai ni da nake ganin takardun kaya kullum, na san inda kuɗin ke zurarewa.

Kun san yadda aka yi. Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fita, bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta aka kulle iyaka har magani ya yi wuya. Wanda ya sha wannan duhun ba sai an gaya masa dalilin fushin ba, kuma ban zo in ce fushin ba shi da tushe ba. Fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar CEDEAO ta ce mutanenmu da kayanmu su ci gaba da wucewa kamar da, har sai ta ba da wata sanarwa. Ku riƙe wannan "har sai" ɗin. Rigar aro muke sanye da ita, mai ita na iya cewa a tuɓe ko da tsakar kasuwa ne.

Ku dubi hanya. Da kwantena kan tashi daga Kwatano ta bi Gaya, Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ta sauka Maradi. Yau daga Lome sai ta haura Burkina, ta tsaya jiran ayari da rakiyar soja saboda ƴan bindigar da ke tsakanin Kaya da Dori da Tera, ta isa Yamai, sannan a fara lissafin kilomita sama da 600 zuwa gida. Direba na cin abinci a wurin jiran, mai mota na ƙirga kwanaki, tashar jirgi na ƙirga kuɗin ajiya. Wani ɗan garinmu ya yi odar kaya don azumi, ni na fitar masa da su da hannuna, ba su isa ba sai bayan salla. Ya sayar a faɗuwa. Duk wannan a kan buhun shinkafar da inna ke awo yake ƙarewa. Ga kuma harajin kashi 0.5 cikin ɗari da ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, suka sa a 2025 kan kayan da ke shigowa daga waje. Kaɗan ne a baki, amma da yayyafi kogi kan cika.

Abin da ya fi damuna shi ne kudu. Mali da Burkina ƴan uwanmu ne a ƙawance, amma wa ya taɓa ɗaukar wakensa daga Tasawa ya kai Bamako? Kasuwar Maradi Jibiya ce da Katsina da Dawanau ta Kano. Can raguna da wake da aya ke tafiya, daga can siminti da taki da kayan roba ke zuwa. Da gwamnati ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024, ban da zuwa Mali da Burkina, mai saye a gari ya ɗan sarara, manomin da ya saba da ɗan kasuwar Kano kuwa sai ya sayar yadda aka taya. Ga naira ta karye tun 2023, Bakano ya zo da buhun kuɗi ya canza ya ga sefa ƴar kaɗan. Wannan ba laifin fita ba ne, kada a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Mun ma ga Buhari ya rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020 muna cikin ƙungiyar tsundum, wato zama ciki bai taɓa zama layar tsari ba. Amma a lokacin akwai teburin da za a kai ƙara.

Shi ya sa nake roƙon alhazanmu masu faɗa a ji, da shugabannin ƴan kasuwa da na direbobi, su matsa a zauna da Najeriya a rubuta yarjejeniya a takarda: nawa ne kuɗin duwan a Ɗan Isa, wace takarda ɗan tireda zai nuna, wane kaya ne ba za a wayi gari a hana ba. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya, kilomita 284, a Maradi zai tsaya. In ya iso babu wannan takarda, me zai ɗauka?

Akwai motoci uku na mutanen garinmu da suka tashi daga nan makon jiya, yanzu suna Kaya suna jiran rakiya. Masu kayan su ƙara haƙuri, direbobin na lafiya, mun yi waya da daddare. A gaida mutanen unguwannin Zariya da Sabon Gari.

Naku,
ɗanku da ke Lome