Yadda nake buɗe wa mutane walat ba tare da na ga kalmominsu ba

Ina da ɗan shagon gyaran waya da caji a Jega, kuma tun da Notcoin ya fashe a watan Mayun 2024 aka ƙara min wani aiki da ba shi na koya ba, wato buɗe wa mutane walat ɗin kirifto, asusun da ake ajiye kuɗin intanet a ciki. Kowa dai ya ga abinda ya faru, yaran da ake wa dariya wai suna ta danne-danne a Telegram sai gashi sun cire kuɗi na gaske, toh daga nan fa gari ya ɗauka, ƴan kabu-kabu, masu kawo albasa daga Aliero, matan aure su aiko yaro da waya, har dattawan da kiran waya kaɗai suka iya, kowa a buɗe masa. Da rabon Hamster Kombat, wani wasan Telegram ɗin, ya zo a Satumba aka raba abinda bai kai yadda aka ci buri ba wasu sun yi sanyi, amma ƴan damfara basu yi sanyi ba, lokacin ma suka samu kasuwa saboda mutane sun riga sun yarda akwai kuɗin kyauta a intanet.

Kuma gaskiya akwai. Uniswap, wata kasuwar musayar kirifto, ta raba kuɗinta mai suna UNI guda 400 ga duk walat ɗin da ya taɓa amfani da ita a Satumbar 2020, bata tambayi kowa kalmomin sirrin walat ɗinsa ba, bata ce a turo ko sisi ba. Da wannan nake auna kowane eyadirof, wato rabon kirifto kyauta, da aka kawo min.

Dokar shagona ɗaya ce, idan aka zo wajen da manhajar walat irin Trust Wallet ko Tonkeeper zata nuna kalmomin nan, 12 ko 24, sai in miƙa wa mutum wayarsa da biro da takarda in juya baya. Wasu har haushi suke ji, wani dattijo yace min haba yaro ai kai namu ne, wa zai zarge ka? Nace Baba ba zargi bane, idan ban gani ba ko gobe wani abu ya faru zuciyarka ba zata kawo ni ba, nima hankalina kwance. Idan mutum bai iya boko ba sai ince ya zo da ɗansa ko matarsa, wanda dama da shi zai ci kuɗin. Abinda mutane basu gane ba shine kuɗin ba a cikin wayar suke ba, suna can kan bulokcen, wato rajistar intanet da ake rubuta abinda kowa ya mallaka, kalmomin nan su ke fitar da makullin da ake motsa su da shi, duk wanda ya riƙe su ko yana Legas ko yana wata ƙasa zai zuba su a tasa wayar ya kwashe komai, baya buƙatar fin ɗinka ko yatsanka. Kuma ba a canza su. A banki idan katinka ya ɓace zaka je reshe a toshe a baka wani, anan babu reshe babu manaja babu wanda zai dawo da abinda ya fita.

Wani matashi ɗan kabu-kabu ya shigo min da rana tsaka, ko mashin bai kashe ba, yace Yaya duba min walat ɗina ya lalace baya nuna kuɗi. USDT ne, kirifto mai darajar dala, ya tara a hankali yana son canza mashin. Na buɗe tarihin na ga an fitar da su gaba ɗaya da daddare zuwa wani adireshi, nace jiya me ka yi? Sai ya nuna min, a wani guruf aka sa sanarwar eyadirof, ya yi tambaya a ciki, sai wani mai hoton tambarin kamfanin ya biyo shi ta bayan fage yace shi admin ne, wai walat ɗinsa bai gama tantancewa ba, ga linki. Na buɗe linkin a wata tsohuwar waya da babu komai a ciki, wallahi shafin ya yi kyau, launi da tambari duk daidai, sai akwatuna 12 a jere ana jiran ka cike da kalmominka. Harafi ɗaya kawai suka sauya a sunan shafin. Yaron ya tsaya yana kallon akwatunan nan yana cewa ai yace min sirri ne ba mai gani. Ban iya ce masa komai ba na ɗan lokaci, don nasan abinda zan faɗa masa shine ba zasu dawo ba.

Akwai damfarar da ta fi wannan wayo, wadda ko kalma ɗaya ba zasu tambaye ka ba, kuma ita ce ke cin waɗanda suke ganin sun waye. Zaka wayi gari ka ga wani koyin, wato wani kuɗin kirifto, da baka sani ba a walat ɗinka, da adadi mai yawa, sunansa ma sunan wani shafi ne, ka je can ka haɗa walat ka danna kilem, wato maɓallin karɓa, sai a turo maka abu ka amince. Abinda ka sa wa hannu izini ne cewa su iya ɗibar USDT ɗinka ba iyaka, kuma izinin yana nan daram ko ka rufe shafin, ko bayan wata ka zuba kuɗi zasu iya janyewa. Shiyasa nake cewa koyin da baka nema ba ka barshi a inda yake, kar ka taɓa, kar kace bari in sayar. Wanda ya riga ya sa hannu a irin wannan muna shiga revoke.cash mu duba izinin da ya bayar mu soke, ana biyan ɗan kuɗin gas, wato cajin da ake cira kan kowace hada-hada, amma ya fi. Su kuwa masu cewa turo dala biyar kafin a sake maka rabonka, wannan tsohuwar damfara ce kowa ya santa.

Ni kaina walat biyu nake da su, ɗaya na yawon eyadirof wanda kuɗin gas kaɗai ke ciki, ɗayan kuma ban taɓa haɗa shi da kowane shafi ba.

Amma abinda ya fi damuna a matsayina na mai gyara shine sikirinshot. Mutum zai kawo waya a canza sikirin ya bani fin ya tafi kasuwa, ina gwada taɓawa sai ga hoton kalmominsa a galari tsakanin hotunan suna da na biki. Wani kuma ya tura wa kansa a WhatsApp, wani hoton ya hau Google Photos bai ma sani ba, kaga duk wanda ya samu imel ɗinsa ya samu kuɗinsa. Dan Allah a rubuta a takarda, a bi lamba ɗaya bayan ɗaya don jerin ma yana da muhimmanci, a yi kwafi biyu a naɗe a leda saboda damina da gara, a ajiye wuri daban-daban. Kuma a sanar da mutum ɗaya amintacce inda takardar take, don rai na Allah ne, dukiyar nan haƙƙin magada ce, idan ba wanda ya san wajen ta tafi kenan.

Wanda kuma ya san kalmominsa sun taɓa fita, ko a hoto ko wani ya buɗe masa yana kallo, kar ya tsaya canza fin don ba zai hana komai ba, ya buɗe sabon walat yau ya kwashe abinda ya rage ya bar tsohon. Ɗan kabu-kabun nan haka muka yi masa, kuma na gargaɗe shi tun kafin ya fita cewa wasu zasu biyo shi suce su ƙwararru ne masu dawo da kuɗin da aka sace idan ya biya wani abu. Washegari kuwa ya dawo ya nuna min saƙonninsu, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muka toshe.