Zafi da ɗigon kwantam: abin da awo ya koya mini

A 1982 Arakawa da Sakaki na Jami'ar Tokyo suka yi hasashen cewa idan aka tsare elektiron a ɗigon kwantam, wato ɗan mitsitsin gutsure inda elektiron ɗin ba shi da hanyar motsi ta kowace fuska, lezar da aka ƙera da shi ba za ta damu da zafi ba. A takarda maganar ta zauna daram. Sai a 1994 ayarin Bimberg a Berlin da masanan cibiyar Ioffe ta Rasha suka kunna ta farko, ta yi kyau a tsananin sanyi, amma da ta ji ɗumin ɗaki sai ta fara neman ƙarin wuta kafin ta haska.

Wannan giɓin na yi ta bibiya a ɗakin gwaji. Ɗigon ba sassaƙa shi ake yi ba. Ana shimfiɗa sinadarin InAs (indium arsenide) a kan GaAs (gallium arsenide), tazarar ƙwayoyinsu ta bambanta da kusan kashi 7 cikin 100, don haka kafin shimfiɗa ta biyu ta cika sai ya dunƙule da kansa. Abin da ya dunƙule da kansa kuwa ba ya zuwa kai ɗaya, kamar curin fura daga hannaye daban-daban. Kowane girma da launin haskensa.

Aikin da ya fi koya mini shi ne ƙara wuta sannu a hankali ina kallon bakan hasken, wato yadda hasken ya rarrabu bisa tsawon zangonsa, a allo. Tsini ɗaya ke fara tashi wajen nanomita 1300. Can sai ya tsaya cak, wani ya ɓullo gefensa wajen 1200, domin elektiron a ɗigon hawa-hawa suke zama bisa matakan makamashi, matakin ƙasa ya cika, sauran elektiron sun taru a na sama. Mai auna ƙarfin haske kaɗai ba zai ga wannan ba, zai ce leza na ta ƙaruwa lafiya lau.

Zafin kuma, yawancin laifin na gurabe ne, wato wuraren da elektiron ya bari. Matakansu a cushe suke, tazarar ba ta wuce kusan meV 10 ba (meV ɗan ma'aunin makamashi ne), alhali ɗumin ɗaki kaɗai yana ba da kusan 26. Nan da nan sukan watse, su bar elektiron ba abokin haɗuwa, alhali daga haɗuwarsu ne haske ke fita. Maganin da aka samo shi ne a cusa ƙarin gurabe kusa da ɗigon tun wajen ƙira. Da shi Fujitsu da Jami'ar Tokyo suka nuna leza a 2004 mai aika gigabit 10 a daƙiƙa daga zafin digiri 20 zuwa 70 na Celsius ba tare da an gyara mata wuta ba. Amma ba kyauta ba ne, gurabun da aka ƙara suna shanye wani hasken. Shi ya sa a yanzu in aka kawo mini sakamakon sabuwar leza, tambayata ta farko ita ce a wane zafi aka auna, kuma ina bakan hasken.