Minti ashirin a Uhudu

Yau da hantsi motar ziyara ta sauke ayarinmu a gindin Dutsen Uhudu. Jagoranmu ya ɗaga 'yar tutarsa ya ce minti ashirin kacal gare mu, domin Masallacin Ƙuba da na Ƙiblataini suna gaba kafin azahar. Raina ya sosu ƙwarai. Wurin da nake jin labarinsa tun ina Islamiyya, a ce minti ashirin? Amma da ya nuna mana ɗan tudun maharba, inda Manzon Allah (SAW) ya tsayar da mutum 50 ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair ya ce kada su sauka ko me suka gani, sannan ya juya ya nuna ta inda dawakan Khalid bin Walid suka zagayo, sai jikina ya yi sanyi. Da ni kaɗai na zo, wallahi tudun duwatsu kawai zan gani.

Muna tsaye gaban maƙabartar shahidai, inda Sayyidina Hamza yake kwance, direba ya fara danna hon. Wata dattijuwa 'yar Damagaram ko motsawa ba ta yi ba, hawaye na bin kumatunta. Jagoran ya dubi agogonsa, ya matso ya ce a hankali, "Inna, ƙarasa addu'arki, za mu jira ki." Muka jira ta cikin zafin ranar nan, ba wanda ya ce uffan. Ga ni a masauki yanzu, zuciyata na son in koma Uhudu gobe bayan asuba, in zauna iya son raina.