Idon Kawu da wankin ƙoda

Tun da aka fara yi wa kawuna wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi a ƙasar Gana, hankalinmu duka ya koma kan hawan jininsa da kumburin ƙafafunsa, har sai ranar da na same shi a zaurensa a unguwar Aboabo ya rufe Alƙur'ani yana murza ido. Ya ce mini, "Ɗana, kamar an zuba mini yashi, ga hawaye ba ya tsayawa."

Abin ya ɗaure mini kai, domin likitan ido ya ce idon a bushe yake. Bayaninsa shi ne, idan ƙoda ta gaza, sinadarin yuriya da ya kamata ya fita da fitsari yakan taru a jini har ya shiga hawaye, kuma hawayen da ke jiƙa ido a kullum yakan ragu, sai ido ya yi ta ƙaiƙayi yana zubo da ruwan da ba ya zama a kansa. Jan idon da muke ɗora wa ƙurar hunturu kuwa, wani ɓangarensa daga sinadaran kalsiyam da fosfet ne da ke taruwa a kan farin ido, shi ya sa maganin rage fosfet da Kawu yake yawan mantawa lokacin cin abinci ya shafi idonsa ma.

Shi kansa wankin, wanda yakan ɗauki kimanin awa 4, yana cire yuriya daga jini da sauri fiye da yadda take fita daga ruwan cikin ido, saboda haka matsin ido kan iya hawa, musamman ga mai hawan jinin ido, cutar da ta yi yawa a Gana. Ciwon ido mai tsanani ko ganin hazo ana cikin wanki abu ne da za a faɗa wa nas nan take.

Maƙwabta sun ba shi shawarar ya yawaita shan ruwa, alhali ruwan shansa ma auna masa shi ake yi. A ganina wannan ce shawarar da ta fi haɗari, ko da yake da zuciya ɗaya aka bayar. Yanzu yana ɗiga maganin jiƙa ido da likita ya rubuta, ya ajiye kwalli, kuma da yake ciwon suga ne ya kai shi ga wannan hali, wata mai zuwa zan raka shi a duba can cikin idon, inda ciwon suga kan yi ɓarna.